Wane ƙarfe zan saya don koyon ƙirar wuƙa, kuɗina kaɗan ne

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina nan Damagaram, unguwar Garin Malam, ba gadon ƙira na yi ba sha'awa ce kawai, na haɗa 'yar maƙera a bayan gida da zuga-zugi da guntun ƙarfen mota a madadin uwar maƙera. Na buga wuƙa biyu da ƙarfen beto wanda ya rage wajen gini, sun yi kyau a ido amma ko albasa aka yanka sai kaifin ya kwanta. Jikka biyar gare ni, ina so in je wajen masu tsoffin ƙarafa ran Alhamis, me zan ɗauko? Ina so kafin Layya in samu ko guda ɗaya mai yanka.

Wani makanike daga Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Bar ƙarfen beto, na gini ne, narke-narke ne aka haɗa, wani ya yi tauri in an zuga shi an tsoma a ruwa wani ya ƙi. Ka nemi lam ta mota, wadda 'yan Najeriya ke cewa sifirin, ta Hilux ko tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya. Kar ka ɗauki ta babbar mota, kaurinta zai kashe maka hannu da gawayi tun ba ka ga siffar wuƙa ba. Ɓalle ɗaya zai ba ka wuƙa huɗu ko biyar.

Wani dattijon maƙeri daga Birni:
Yaro, gaskiya ya faɗa maka, da lam muke aiki. Amma ba kowace ba. Wadda ta karye a kan hanya ta gaji, akwai tsaga a cikinta da ido ba ya gani, sai ka gama wahala ka tsoma ta ka ji ƙas. Ka goge tsatsar ka duba wajen ramin tsakiya da inda ta karye, ka yanke nan ka yar. Ka rataye ta ka buga, mai lafiya tana ƙara mai tsawo, mai tsaga muryarta a dushe. Kuma kafin ka buga wuƙa ka yanki ɗan guntu, ka fyaɗa shi, ka zuga ya yi ja, ka tsoma, ka gwada da magagari. In magagari ya zame bai ci ba to ƙarfen ya yi tauri, mai kyau ne. Gawayin ƙirya za ka nema, na girki ba ya riƙe wuta.

Mai tambaya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To tsohon magagari fa? Na ji ana cewa ya fi kaifi.

Wani malamin makarantar sana'a:
Ya fi, don kabon ɗinsa, wato sinadarin da ke sa ƙarfe ya yi tauri, ya kai kashi 1 cikin 100 ko ya ɗan wuce, na lam kuwa wajen 0.6 ne. Shi ya sa magagari ke riƙe kaifi amma yana da saurin karyewa, lam kuma tana yafe kuskure, ita ta dace da ɗan koyo. Wasu magagaran masu araha ma bayansu kawai aka taurara cikinsu laushi. In akwai kuran a wajen ka ce a goga maka ƙarfen a injin wasa, tartsatsi mai rassa da yawa kamar yana fashewa alamar kabon ne, dogo miƙaƙƙe kuwa ka ajiye musu kayansu. Ka tafi da mayen ƙarfe gida: wajen digiri 770 ƙarfe ke daina kama shi, sai ka ƙara zafi kaɗan ka tsoma. Inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, da boris ka bar su tukuna, farin ƙarfe mai rufin tutiya kuma kar ka sa shi a wuta sam, hayaƙinsa na sa zazzaɓi.

Makanike:
Ka zo garaji in ba ka baƙin mai kyauta ka tsoma a ciki.

Malamin makaranta:
A'a maigida, hayaƙin baƙin mai guba ne, ga shi a cikin gida yake aiki. Man gyaɗa lita ɗaya, a ɗan ɗumama, a gwangwani mai murfi ko da wuta ta kama. Bayan nan ka goge wuƙar ta yi fari, ka gasa ta a hankali ta gadon baya har bakin ya yi launin kara, wajen digiri 200 ke nan, in ya yi shuɗi zafin ya yi yawa.

Dattijon maƙeri:
Mu dai da ruwa muka gada, amma hannu ne ya saba, kai bi ta mai ɗin. Man gyaɗar ma zai ci kusan rabin abin da ka kashe wa ƙarfen, ka sa shi a lissafi.

Mai tambaya:
To Baba. Lam ɗaya da mai lita ɗaya, sauran na gawayi. In na gwada guntun zan turo hoto.