Garinmu na neman 'yan sa-kai don ƙirga masu kwana a titi, in je ko in bari?

Bazazzagi_Kalifoniya:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ku wayar min da kai. Ina zaune ne a wani ƙaramin gari cikin gundumar Los Angeles, sai ga sanarwa daga ofishin magajin gari wai ana neman 'yan sa-kai da za su fita da daddare a watan Janairu a ƙirga marasa matsuguni, wai garinmu ya shiga ƙidayar da ake yi wa yankin gaba ɗaya. Ni dai abin ya ɗaure min kai, mutumin da ba shi da gida ba shi da adireshi ta yaya za ka ƙirga shi a dare ɗaya, kuma meye ruwan ƙaramar hukuma tunda na ji an ce akwai wata babbar hukuma mai wannan aikin? Abin da ya fi damuna ma shi ne kar in je da niyyar lada in ƙare da nuna wa 'yan sanda inda bayin Allah ke kwana, gobe a zo a kwashe musu tanti. Wa ya taɓa yi?

Uwar_Biyu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na sha yi, kuma aikina ma ya shafi harkar, to bari in ɗan ja maka bayani ka yi haƙuri da tsawo.

Umarni ne daga sama. Ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ita ta ce duk yankin da ke karɓar kuɗinta na tallafin marasa matsuguni dole ya yi ƙidaya a cikin kwana 10 na ƙarshen Janairu. Waɗanda ke kwana a shelta, wato gidajen kwana na wucin gadi da ake tanadar wa marasa matsuguni, duk shekara ake ƙirga su, na kan titi kuma aƙalla duk bayan shekara biyu, amma Los Angeles duk shekara take yi, sai 2021 da korona ta hana. Kuɗin da ake magana a kai ba na wasa ba ne, sun haura dala biliyan 3 a shekara a faɗin Amurka. Da wannan ƙidayar aka samu adadin da ake ta yayatawa, mutum 653,104 a 2023, sai 771,480 a 2024.

Babbar hukumar da ka ji ana faɗa ita ce LAHSA, birnin Los Angeles da gundumar ne suka haɗu suka kafa ta a 1993. To amma ka duba, gundumar nan garuruwa 88 ne a cikinta, kowanne da magajin garinsa da kansilolinsa. Uku daga ciki, Long Beach da Pasadena da Glendale, nasu ƙidayar suke yi daban. Sauran duk a ƙarƙashin LAHSA suke, kuma ita ba ta da ma'aikatan da za su shiga kowane lungu, shi ya sa take cewa kowane gari ya ɗauki nauyin unguwanninsa: ya ba da ɗakin taro inda za a haɗu, ya nemo mutane, ya sa ma'aikacinsa ɗaya ya raba taswira ya tabbatar ba a tsallake ko'ina ba. Garin da ya yi haka yana samun lissafinsa na kansa, ya san mutum nawa ne a ƙasarsa ba wai a dunƙule shi da maƙwabta ba. Kuma mai share lambun gari da mai kwasar shara ai sun fi kowa sanin wane ƙarƙashin gada ake kwana, wane bakin kwata ne ke da mutane, wanda baƙo daga wata unguwa zai wuce da mota bai ga komai ba.

Yadda ake yi kuwa, wajen ƙarfe 8 na dare za a haɗa ku biyu ko uku ko huɗu a mota ɗaya, mai tuƙi da mai duba taswira da mai ƙirga. Ba ka tashin kowa daga barci, ba ka tambayar suna, ba ka ɗaukar hoton mutum. Ido kawai. A manhajar waya za ka danna: mutum, tanti, ƙaramar mota, bas, ko irin motocin nan masu kamar gida. Ba za ka leƙa tanti ka ga mutum nawa ne a ciki ba, wannan aikin masu bincike ne na jami'ar USC, su ke hira da mutane daban su fitar da ƙiyasin mutum nawa ke kwana a tanti ɗaya ko mota ɗaya, sai a ninka. A 2024, har da na shelta, gundumar ta tashi da 75,312, birnin shi kaɗai 45,252.

Maganar 'yan sanda, gaskiya ba sa jiran ƙidayarka kafin su san inda tantuna suke, kullum suna wucewa ta wurin. Kuma a nan Kalifoniya akwai wani tallafin jiha, HHAP, da ake rabawa gwargwadon abin da ƙidayar ta nuna, kaga ke nan unguwar da ba a ƙirga ba an tauye ta. Ni shawarata ka je.

Direban_Bronx:

Hajiya kin yi bayani, Allah ya saka. Amma ni fa ina da ja, ba wai kar ya je ba, a'a, kawai kar ya ɗauka lambar da za a fitar ita ce gaskiyar magana.

Ni da dare nake aiki ina ganin garin nan lokacin da kowa ya kwanta. A nan New York sunan tasu HOPE, su ma a hunturu suke yi, suna cewa wai sanyi yana kora mutane shelta inda ƙirga ya fi sauƙi, kuma ƙarshen wata ne kuɗin wanda ke ɗan kama ɗakin otal ya ƙare. To na yarda, amma wanda bai shiga shelta ba fa? sanyin nan shi zai sa ya ɓuya inda ido ba ya kai, ƙasan bene, ɗakin jiran asibiti, wurin wanki mai kwana buɗe, ko ya hau jirgin ƙasa ya yi ta zagaye har asuba yana zaune da jakarsa kamar mai dawowa daga aiki. A 2024 sun ce 4,140 ne a titi da tashoshin jirgin ƙasa, a birni mai mutum sama da miliyan 8. Abu ɗaya da zan yaba musu, sun kasance suna dasa mutanen bogi a wurare su zauna kamar marasa gida, in 'yan ƙidaya suka wuce ba su gan su ba sai a gane kashi nawa ake tsallakewa a gyara lissafi. Wannan dabara ce mai kyau wlh.

Babban abin da ke ci min rai shi ne irin namu ba sa shiga lissafin kwata-kwata. Yaron da ya zo daga Kumasi ko Yamai yana kwana a falon ɗan garinsu yau, gobe a gidan wani, jibi a masallaci bayan isha'i, a wurin HUD wannan ba marar matsuguni ba ne tunda akwai rufi a kansa. Alhali ma'aikatar ilimi ta ƙasar nan ɗaya, a ƙarƙashin dokar McKinney-Vento, tana lissafa yaran makaranta da iyayensu ke raɓe a gidan wani, kuma ita kaɗai tana samun yara sama da miliyan 1. Gwamnati ɗaya, ma'auni biyu. Duk wanda ke Bronx a 2023 ya ga yadda masallatanmu suka cika da baƙi 'yan Afirka ta Yamma.

Sannan ka sa wa magajin gari ido. Shi ne zai tsaya gaban 'yan jarida ya ce adadi ya ragu a zamaninsa, kuma shi ne ke da ikon aika motar shara ta kwashe tantuna kafin daren ƙidaya. Tun da kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar garin Grants Pass a Yunin 2024 cewa gari na iya hukunta mai kwana a waje, hannunsu ya ƙara sakewa. Mutumin da aka ƙwace wa tanti ba gida ya samu ba, wuyar gani kawai ya ƙara.

Uwar_Biyu:

Alhaji ban musa maka ba ko kaɗan. A nan ma cibiyar bincike ta RAND tana nata ƙirgan a unguwannin Skid Row da Hollywood da Venice na Los Angeles, kuma ta nuna na hukuma yana zuwa ƙasa da nata. Dalilin ma shi ne wanda ka faɗa, ido ya saba neman tanti, in babu tanti mutum na kwance a bakin shago cikin bargo sai a wuce shi. Amma wannan ai hujja ce ta a samu masu ƙirga da yawa masu haƙurin sauka daga mota, ba a zauna a gida ba. Seattle ma sun daina dogaro da zagayen dare ɗaya tun 2022, suna ba marar matsuguni takarda ya kira abokansa su ma su kira nasu, masana lissafi su fitar da ƙiyasi, a 2024 suka samu sama da 16,000 a gundumar King.

Ɗan_Landan:

Ku naku ma da sauƙi. A Ingila kowace kansul, wato ƙaramar hukuma, ita ke zaɓar dare ɗaya tsakanin 1 ga Oktoba da 30 ga Nuwamba, kuma ita ke zaɓa ko ta fita ta ƙirga ko ta zauna da ƙungiyoyin agaji da 'yan sanda a yi ƙiyasi a kan tebur, sai ƙungiyar Homeless Link ta duba ta tabbatar. A 2010 an samu masu kwana a titi 1,768, a 2017 ya kai 4,751, ya sauka lokacin korona da aka kwashe mutane aka sa a otal, 2024 ya dawo 4,667. Kowa ya san bai kai ba, amma tunda ma'auni ɗaya ake bi duk shekara, hawa da saukar suna faɗin wani abu, har ana titsiye minista da su a majalisa. Paris su ma sun fara nasu a 2018, daga baya ƙananan garuruwan kewaye suka shigo, don in birni ya ƙirga nasa shi kaɗai wanda aka kora ya tsallaka titin zobe ya ɓace daga lissafi.

Bakano_Fagge:

Ikon Allah. Mu nan da masu gidan ma tun 2006 ba a ƙirga mu ba, ta 2023 aka ɗage. Malam je ka ƙirgo ka zo ka ba mu labari.

Bazazzagi_Kalifoniya:

Hhhh Bakano ka ji ka. Na gode ƙwarai jama'a, Alhaji maganarka ta shige ni musamman ta masu raɓe a gidajen mutane, mu ma nan akwai su. Anti zan yi rajista in sha Allah, sai dai ba ni da mota, kuma ina tashi aiki ƙarfe 7, zai yiwu? Sannan takarduna na zama suna hannun lauya ba a gama ba tukuna, ba wata matsala?

Uwar_Biyu:

Ba sai da mota ba, ka rubuta a fom ɗin cewa kai mai ƙirga ne za a haɗa ka da mai tuƙi, wasu unguwannin ma da ƙafa ake bi. Aikin sa-kai ne ba biya ake ba, amma tunda maganarka na hannun lauya kira shi ka tambaya kafin ka sa hannu a kowace takarda, kar ka dogara da ni a wannan. Ka kalli ɗan bidiyon horon tun a gida, ka caza waya ta cika, ka ɗauki tocila da rigar sanyi mai kauri don Janairun nan da dare ba sauƙi. Ka zaɓi cibiyar da ke garinku ba ta tsakiyar birni ba, can mutane sun yi yawa, ƙananan garuruwa ne ke rasa hannu. Kuma ka riƙa duba saƙo, ranar tana iya canzawa, a 2025 gobarar daji ta sa sai a Fabrairu aka yi.