Me ya sa sikila take tsananta ga yaro ɗaya fiye da ɗan'uwansa?

Mai tambaya, daga Mabera:

Assalamu alaikum. Ina da 'ya'ya biyu masu SS, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ƙaramin ya fi shan wahala, musamman a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40. Tun da gwaji ya nuna jininsu iri ɗaya ne, mene ne yake faruwa a cikin ƙwayar jini har ciwon wannan ya fi na wancan tashi?

Ma'aikacin ɗakin gwajin jini:

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba su lafiya. Himoglobin shi ne sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma bambancin HbS, wato himoglobin na mai sikila, da na lafiyayye a wuri ɗaya ne tak, wato gurbi na 6 a sarƙar beta, ɗaya daga cikin sarƙoƙin da suka haɗu suka yi himoglobin, inda sinadarin valin ya maye gurbin sinadarin glutamik asid. Idan HbS ya saki iskar oksijin, wannan gurbi yakan manne da himoglobin da ke kusa da shi, su yi ta harhaɗuwa har su zama dogayen zaruruwa masu tauri waɗanda suke lanƙwasa ƙwayar ta koma siffar lauje.

Abin lura shi ne, zaruruwan ba nan take suke samuwa ba, akwai ɗan jinkiri kafin su fara. Idan ƙwayar ta fita daga ƙananan jijiyoyin jini kafin jinkirin ya ƙare, ta kuɓuta, domin da ta isa huhu za ta sake ɗaukar oksijin. Binciken wasu masana, Eaton da Hofrichter, a Amurka a shekarun 1970 ya nuna cewa ƙaruwa kaɗan a kaurin himoglobin tana rage wannan jinkiri ninki-ba-ninki. Saboda haka SS biyu suna iya bambanta ƙwarai, gwargwadon yanayin cikin ƙwayoyinsu.

Malamar kimiyya, daga Arkilla:

Ina so in ƙara bayani a kan kaurin nan, domin shi ne ya shafi bazararmu. Duk lokacin da ƙwaya ta lanƙwashe, kalsiyom yakan shiga cikinta ya buɗe wata ƙofa da ake kira Gardos, sai potasiyom ya fita, ruwa ya bi shi, himoglobin ya ƙara kauri kamar kunun da aka bari a wuta. Ga kuma ƙodar mai sikila, wadda takan rasa ƙarfin riƙe ruwa tun yana ƙarami, shi ya sa yake yawan fitsari ko da jikinsa yana bukatar ruwan. In an haɗa wannan da gumi da zazzaɓin cizon sauro, sai abin ya taru ya yi yawa.

Tsamin jini ma yana da hannu, haka nan sinadarin 2,3-DPG da ke cikin ƙwayar, domin dukansu suna sa himoglobin ya saki oksijin da wuri, wanda kuwa shi ne yanayin da zaruruwan suke jira.

Mai harhaɗa magunguna:

Malama ta faɗi gaskiya, sai dai a ganina zafi bai isa ya bayyana bambancin ba, tun da rana ɗaya ce take dukan yaran biyu. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne HbF, wato himoglobin ɗin jarirai, wanda ba ya shiga cikin zaruruwan. Wannan ne dalilin da ya sa da wuya ciwon ya bayyana kafin yaro ya kai wata shida, kuma adadin da yake saura bayan nan yana bambanta ko tsakanin 'yan ɗaki ɗaya. Wasu kuma sukan gaji alfa-talasimiya, wata larurar jini ta daban, tare da SS, abin da yake rage kaurin himoglobin a ƙwayoyinsu.

Malam, ka nemi likitansu ya sa a auna HbF na kowannensu, sannan ka tambaye shi batun hydroxyurea, maganin da yake ƙara HbF, wanda Amurka ta amince da shi ga manya tun 1998. Ba maganin da za a saya a kemis a fara bayarwa ba ne, domin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, dole sai ana bin sa da gwaji lokaci-lokaci.