Lamba taranmu ya kira ɗan tim ɗinmu ɓarawon daji, mi ya kamata mu yi?

Kyaftin_BK

Salam 'yan uwa, shawara nike nema don wallahi kwana ukku ke nan abin na cina. Ni ne kyaftin na tim ɗin ƙwallon makarantarmu nan Birnin Kebbi, ba sai na faɗi sunanta ba. Ran Talata wurin tirenin mai tsaron bayanmu, wani yaro Bafulatani daga wajen Bunza, ya shiga ma lamba taranmu da ƙarfi, irin shigar da kowa ke yi, sai lamba tara ya miƙe gaban kowa ya ce mai "ɓarawon daji, nan ma satar shanu ka zo?" Wasu sunka kwashe da dariya. Yaron bai ce uffan ba, ya kwance takalmi ya wuce hostal, tun rannan bai sake taka fili ba. Abin da ya fi ƙona mani rai kowa cikin tim ya san ɓarayin dajin nan sun taɓa kore ma babanshi garke guda.

Sati biyu ya rage mu shiga gasa kuma gaskiya rabin ƙwallayenmu lamba taran nan ke ci. Koci ya ce in haɗa su su yi musabaha magana ta wuce. Zuciyata ba ta kwanta da haka ba. Ku da kunka san harka, ya ake yi?

Tsohon Koci

Wa alaikumus salam ɗana. Musabaha ba laifi ba ce amma ba ita ake farawa da ita ba. In ka tara su yau ka ce a yi haƙuri, nauyin duka ka ɗora ma wanda anka zaga, in ya ƙi miƙa hannu a ce shi ne mai riƙo. Ka fara zuwa ɗakinshi kai kaɗai ka ji mi yake so. Sannan a aje lamba tara a benci, ko wasa biyu ne, kuma a faɗa ma tim dalili ƙarara kar a ce wai ciwon ƙafa.

Ka tuna Suarez na Liverpool da Evra na Manchester United a 2011, lokacin da Suarez ya yi mai zagin wariyar launin fata a fili. Hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da Suarez wasa 8 da tarar fam 40,000, amma 'yan Liverpool sunka fito sanye da riga mai hotonshi don shi ke ci masu ƙwallo. Sai bayan shekara takwas Carragher, ɗan Liverpool na lokacin, ya ba Evra haƙuri a talabijin ya ce kuskure sunka yi. Rigar nan ce kocinku ke shirin sa maku bai sani ba.

Ɗan Gwandu

Ni dai ku bi a sannu. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ya san in jini ya hau ba abin da baki bai faɗi, ni an zagi uwata a fili ya fi a ƙirga kuma muna tashi mu sha ruwa tare. Kuma mu ai da wasa tsakanin ƙabilu munka tashi, Bafulatani da Babarbare, Bakabe da Bakatsine, wa ya taɓa kai ƙara? Abin da nike tsoro in magana ta kai ofishin kula da ɗalibai a kafa kwamiti, yaro ya rasa karatunshi kan kalma ɗaya, kuma ku rasa kofi. Ku kashe wutar cikin gida.

'Yar Zuru

Yaya Ɗan Gwandu ka yi haƙuri amma wannan ba taubasantaka ba ce. Wasan taubasai kowa ya san abokin wasanshi, ana jifa ana ramawa ana dariya tare. To shi wannan yaron da mi zai rama? An ɗauki abin da ya talauta gidansu an liƙa mai a goshi, a lokacin da kalmar nan kan iya ja a tare mutum a kasuwa a yi mai duka ko ma abin da ya fi haka. Ba wanda ke wasa da ita a Kebbi ko Zamfara yau.

Ni ƙwallon hannu na buga ma makarantarmu shekara biyu, ran da wata ta ce man arniya a gaban tim, zagin bai dame ni kamar shirun sauran ba, waɗanda muke cin abinci kwano ɗaya kowa ya sunkuyar da kai. Shi ya sa kyaftin nike ce maka waɗanda sunka yi dariyar nan su ma suna ciki, kar a rataya ma mutum ɗaya kowa ya wanke hannu. Kuma ku daina ganin kamar 'yan wasa ba su da ƙarfi sai abin da koci ya ce. A 2015 a jami'ar Missouri ta Amurka baƙaƙen 'yan wasan ƙwallon makarantar sunka ce ba tirenin ba wasa sai shugaban jami'a ya sauka saboda yadda ya yi sakaci da koke-koken wariyar launin fata, kocinsu ya tsaya masu, cikin 'yan kwanaki shugaban ya aje aiki. Ɗalibai ne irinku.

Rafali

A dokar ƙwallo ma, doka ta 12, zagi da cin mutunci jan kati ne kai tsaye, da a wasa ya faɗa na ji da kunnena waje zai yi. A Turai hukumar ƙwallonsu UEFA ta sa dakatarwar mafi ƙaranci wasa 10 kan wariyar launin fata, shi anka yanke ma Kudela na Slavia Prague a 2021 kan abin da ya faɗa ma Glen Kamara na Rangers. To wasa biyu da Malam Tsohon Koci ya ce ai sassauci ne.

Inda na yarda da Ɗan Gwandu, ba kora daga makaranta ake nema ba a karon farko. Ciwon timomin makarantunmu, ko masu zuwa gasar jami'o'i NUGA ko ta kwalejojin fasaha NIPOGA, sai abu ya faru ake fara neman hukunci, shi ya sa ake duba fuska, in ɗan benci ne a kore shi in tauraro ne a ce ƙaddara. Ku rubuta a takarda guda, zagin ƙabila ko addini karon farko wasa kaza da ban haƙuri gaban tim, karo na biyu a cire shi a kai sunanshi ga daraktan wasanni, kowa ya sa hannu har koci.

Kyaftin_BK

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam na bi maganarka na je ɗakinshi bayan isha'i, mun daɗe. Ya ce shi bai son a kori kowa, abin da yake so a inda anka zage shi nan za a ba shi haƙuri, gaban waɗanda sunka yi dariya. Ya kuma ce wannan ba shi ne na farko ba, a gurup ɗinmu na WhatsApp an sha turo hoton 'yan bindiga ana kiran sunanshi, na koma na duba wallahi har da ni cikin masu sa alamar dariya wata biyu baya. Wannan ni zan fara ba shi haƙuri kanshi gobe a fili kafin kowa.

Mun yi magana da gola da mutum huɗu, za mu samu koci da safe kan wasa biyun. Rafali don Allah turo man yadda ake tsara takardar ta inbos, ina son in kai mai ita a hannu.