Libsodium ko OpenSSL: fayil ɗaya, na'ura uku

Laminu: Salamu alaikum 'yan zaure. Manhajar lissafi ce ta 'yan kasuwar nan Maraɗi, masu shago da masu kai kaya Katsina ta Ɗan Isa. Sabar tana kan Ubuntu, kwamfutar shago Windows ce, yaran shago kuma Itel da Tecno gare su. Ana so fayil ɗin da aka kulle (wato aka ɓoye bayaninsa da mabuɗin sirri) a ɗaya ya buɗu a sauran. Wanne laburaren kulle bayanai za a ɗauka, libsodium ko OpenSSL?

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam. Tunda kulle fayil ne ba TLS (kulle bayanan da ke tafiya a intanet) ba, ɗauki libsodium. OpenSSL kaya ne mai nauyi, kuma sigoginsa ba sa jituwa: 1.1.1 an daina kula da shi tun Satumba 2023, Ubuntu 22.04 kuma da 3.0 take zuwa. Manhajar da aka ɗaure da libssl.so.1.1 ko tashi ba za ta yi a can ba. Libsodium ɗan ƙarami ne, daga wani laburare mai suna NaCl aka tsago shi a 2013. Ka kira sodium_init() kafin komai, in ya dawo da -1 ka tsaya nan.

Hadiza: Malam, shi ma yana da irin wannan ciwon. Siga 1.0.18 libsodium.so.23 ce, daga 1.0.19 ta koma .so.26. Gara a harhaɗa shi cikin manhajar gaba ɗaya, siga guda a na'urorin uku, kada a dogara da wadda apt, mai girka manhajoji na Ubuntu, ya kawo.

Malam Isuhu: Gaskiyarki. In za a cusa shi ciki a Windows da Visual Studio, a ayyana SODIUM_STATIC kafin a kira sodium.h. Wanda ya manta zai sha kuskuren LNK2019 a kan __imp_sodium_init, don mai haɗawa DLL yake nema. Sannan /MT da /MD su zama iri ɗaya tsakanin laburaren da manhajar.

Laminu: To salon kullewar fa? An ce AES ya fi sauri.

Hadiza: Ƙanena, a kwamfutar shago ne ya fi sauri. AES-256-GCM na libsodium sai furosesa na da umarnin AES a jikinsa yake aiki, shi ya sa aka tanadi crypto_aead_aes256gcm_is_available(). A wayar da Android ɗinta mai bit 32 ne, irin masu arahar nan, kada ka sa rai. Ka kulle da shi a Windows, yaro ya zo buɗewa a waya, shiru. XChaCha20-Poly1305 ba ruwansa da irin furosesa: mabuɗi baiti 32, nonce (lambar da ake amfani da ita sau ɗaya tak) baiti 24, tsawon da ya isa ka zaɓe shi barkatai ba tsoron maimaici. In fayil ɗin babba ne, crypto_secretstream ya fi, yanki-yanki yake kullewa, kan fayil baiti 24 ne, kowane yanki yana ƙaruwa da baiti 17, kuma in an yanke wutsiyar fayil za a gane, muddin ka duba alamar TAG_FINAL.

Sanusi: Ni dai inda na ga an fi faɗuwa ba a lissafin kullewar ba ne, a rubuta fayil ne. fopen da "w" a Windows yana mai da kowane baiti 0x0A zuwa 0x0D 0x0A, wajen karantawa kuma in ya ci karo da 0x1A sai ya ɗauka fayil ya ƙare. Bayanin da aka kulle cike yake da irin waɗannan baitoci. Linux ba ta bambanta, shi ya sa gwaji ke wucewa lafiya a sabar ya lalace a shago. "wb" da "rb", ko da yaushe.

Na biyu, unsigned long. Baiti 8 ne a Linux mai bit 64, baiti 4 a Windows ko da mai 64 ce, 4 kuma a armeabi-v7a, wato wayoyin Android masu bit 32. Kada a zuba struct a fayil yadda yake. A sa uint64_t, a rubuta shi baiti-baiti da jeri tsayayye.

Malam Isuhu: Allah shi yi albarka, Sanusi. Sai kalmar sirri. crypto_pwhash, mai fitar da mabuɗi daga kalmar sirri, da Argon2id yake aiki, kuma RAM yake ci da gangan: INTERACTIVE megabaiti 64, MODERATE 256, SENSITIVE gigabaiti 1. Mabuɗin da sabar ta fitar da SENSITIVE, wayar da duk RAM ɗinta gigabaiti 1 ne ba ta iya sake fitar da shi, ko dai ya dawo da -1 ko Android ta kashe manhajar. Da ƙaramar waya za a auna, ba da kwamfutar mai rubuta manhaja ba. A ajiye gishirin (salt, baitocin da ake gauraya da kalmar sirri), baiti 16, tare da opslimit da memlimit, wato ma'aunin aiki da na RAM, a kan fayil, don in an ɗaga su gaba tsofaffin fayiloli su ci gaba da buɗuwa.

Laminu: Harhaɗawar Android ce ban taɓa yi ba.

Sanusi: Cikin foldar dist-build ta libsodium akwai android-armv7-a.sh da android-armv8-a.sh. Nuna inda NDK, kayan harhaɗa C na Android, yake da ANDROID_NDK_HOME, tafiyar da su biyun, ka sa kowane .so a jniLibs ƙarƙashin armeabi-v7a da arm64-v8a. In ka bar na farko, masu ƙananan wayoyi UnsatisfiedLinkError za su gani. Play Store kuma tun Agusta 2019 take neman na bit 64.

Hadiza: A ƙara da shafin ƙwaƙwalwa mai kilobaiti 16 da ya shigo da Android 15. NDK r28 na daidaita shi da kansa, wanda ya girme shi sai an ƙara -Wl,-z,max-page-size=16384. Kuma da yadda wuta ke ɗaukewa lokacin bazara, a rubuta a fayil na wucin gadi tukuna sannan a sauya suna. A Windows rename() yana ƙi in akwai mai sunan, MoveFileEx da MOVEFILE_REPLACE_EXISTING ake sawa.

Laminu: Na gode ƙwarai. Gwajin fa, make check ya isa?

Malam Isuhu: Laburaren kaɗai yake gwadawa, ban da naka aikin. Kulle fayil ɗaya a kowace na'ura, ka buɗe shi a sauran biyun, gwaji 6 ke nan. Cikin gwajin ka sa fayil marar komai, da wanda tsawonsa ya yi daidai da yanki guda cif.