Ƙarin doki a tsohon Piper Cub: tsaro ne ko neman magana?

Auta: Salamu alaikum manya. Ni dai ina nan kan bakana. Duk mai tsohon ƙaramin jirgin saman nan Piper J-3 Cub da ya sauke injin Continental A-65 ya ɗora C-85, tsaro kawai ya ƙara wa kansa. Ƙarfin doki 65 ya koma 85. Ina aibu a nan?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Auta, "kawai" ɗin nan naka ne ya tsaya min a wuya. Jirgin da aka daina ƙerawa a Amurka tun 1947, kuma iyakar nauyin da aka yarje masa ya tashi da shi fam 1,220 ne. Sabon inji ba ya ɗaga wannan iyaka. Ka ɗauko C-85-12, wato samfurin C-85 mai sitata da janareta, ka haɗa da batir, to daga kason fasinja da mai za a cire nauyinsu. Akasarinsa kuma a hanci zai zauna, a jirgin da tun asali daga kujerar baya ake tuƙa shi in mutum shi kaɗai ne.

Kyaftin: Ranki ya daɗe, ki bar wa yaron nan rabin gaskiyarsa. Yawancin dokin nan 65 wajen riƙe jirgin a iska suke ƙarewa, ɗan abin da ya rage shi ke hawa da kai sama. Ƙarin 20 ɗin kusan duka hawa za su tafi. A ranar zafi irin ta Afrilu a Kano, ko a tudu kamar Jos, iska ba ta da kauri, inji da fiffike duk ƙarfinsu raguwa yake yi. Wanda ya taɓa ganin itatuwan ƙarshen titin jirgi suna ƙin sauka ƙasa da gilashinsa ba zai raina doki 20 ba.

Auta: Yawwa Kyaftin! Ga kuma gudu.

Kyaftin: A'a, nan muka rabu. Ka lissafa, gudun da ƙyar zai ƙaru da kashi 9 cikin 100. Cub ba a yi shi don sauri ba.

Baban Gareji: Kuna ta zancen doki, ba wanda ya tambayi harawa. Tankin galan 12 ne, a gaban matuƙi. Ma'auninsa ma ɗan waya ne da toto a gindi, yana leƙowa ta murfin tanki, kana kallo yana nutsewa. Babban inji zai fi saurin nutsar da shi. Kuma babu famfo, mai da kansa yake gangarowa kafireta. Sai an gwada an ga yana isa lokacin da hanci ke sama, inji a buɗe.

Injiniya: Baba, ƙara masa da farfela. A-65 juyi 2,300 yake yi a minti, C-85 kuwa 2,575. Ka bar tsohuwar farfela ba tare da ka duba ko an amince da ita ba, ka sayi ƙarfin da ba za ka mora ba.

Baban Gareji: Ni abin da ya fi ba ni tsoro yana ƙarƙashin yadin da aka lulluɓe jikin jirgin da shi. Na taɓa yaye na wani tsohon jirgi, bututun ƙarfen wajen jela a ido lafiya lau, na danna tsinke sai ya shige, garin tsatsa na zuba a tafin hannuna. Mai shi kuwa farashin sabon inji yake tambaya.

Auta: To ai mutane da yawa sun yi, suna tashi lafiya.

Injiniya: Sun yi, amma da takarda. A Amurka babban canji irin wannan sai da bayanan da hukumar kula da jiragen sama ta FAA ta amince da su, misali STC (takardar amincewa da canji a ƙirar jirgi), a cike Form 337 na babban canji, a sake lissafin nauyi da daidaito. Ni sai na ga jirgin a kan sikeli nake yarda.

Kyaftin: Matuƙin ma a sake masa sikeli. Jan da jirgin ke yi zuwa hagu wajen tashi zai ƙaru, ƙafar dama mai taka fedar da ke miƙe hancin jirgin sai ta farka.

Auta: Na janye "kawai". Sauran maganar tana nan.

Baban Gareji: Allah ya shirye ka. Kawo min jirgin in yaye yadin jela tukuna.