Waɗanda suka yi gudun kilomita 21 a Lisbon, ku ba mu labari

Baban Hanifa, Kano:

Assalamu alaikum jama'a. Allah ya sa na samu gurbi a rabin gudun fanfalaki na Lisbon, babban birnin Fotugal, wanda ake yi a watan Maris. Gudun asuba na saba da shi a nan gida, amma ban taɓa taka Turai ba. Tunda kuɗin jirgi zai tafi ko ta yaya, ba na son in je in yi gudu kawai in juyo ban ga garin ba. Abin da na tsara shi ne in sauka Alhamis, in yi yawon buɗe ido Juma'a da Asabar, in yi gudu Lahadi, Litinin in kamo hanya. Yayyena da ƙannena da suka riga ni zuwa, don Allah ku faɗa mini abin da kuka tarar.

Dattijon Landan:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya kai mu lokacin. Shawarata ka juya tsarin nan: gudu tukuna, yawo daga baya.

Hanyar gudun shimfiɗaɗɗiya ce, a gefen kogin Tejo take tafiya, shi ya sa ake kafa tarihi a kanta. A nan Zersenay Tadese na Eritiriya ya yi minti 58 da daƙiƙa 23 a 2010, a nan kuma Jacob Kiplimo na Yuganda ya yi minti 57 da daƙiƙa 31 a 2021. Wanda ya ji haka sai ya ɗauka garin ma haka yake. Ina! Lisbon a kan tuddai aka gina ta. Daga bakin kogi ka ɗaga kai, duk unguwar da ka hango hayi ce, wata ma sai da matakala. Hanyoyin ƙafa kuma ƙananan duwatsu ne farare da baƙaƙe aka jera su da hannu. Suna da kyau a ido, amma ƙafa ba ta zama daidai a kansu, in ruwa ya taɓa su kuma santsi.

Akwai wani matashi da muka sauka otal ɗaya da shi, ya fi ni atisaye nesa ba kusa ba. Ranar Asabar ya hau unguwar Alfama a ƙafa har ganuwar São Jorge, ya gangaro, ya sake hawa wani tudun don ɗaukar hoton faɗuwar rana. Da dare yana ta nuna mana hotuna, masu kyau kuwa. Washegari na riske shi wajen kilomita 15 ya dafa ƙarfen gefen titi yana matsa sha-raɓarsa, jijiya ta ɗaure. Ya ƙarasa, amma da tafiya. Abin ya dame ni, don na san watannin da ya yi yana shiri. Gangara ce ke cin cinya, kuma ba a ranar take nuna kanta ba sai gobenta.

Maman Sadik, Jamus:

Gaskiyar Baba Dattijo ce. Ni bari in yi maganar safiyar gudun, don ita ce ba wanda ya shirya ni a kanta.

Ba a cikin Lisbon ake tashi ba, a ƙetaren kogi ne, ɓangaren Almada, daidai wurin da motoci ke biyan kuɗin gada. Jirgin ƙasa muka hau zuwa tashar Pragal, ba a karɓi ko sisi a hannunmu ba, lambar ƙirjinmu kawai muka nuna. Jirgin ta ƙarƙashin gadar da za ku bi yake wucewa, kana zaune kana hango ruwa ta taga. Daga tashar akwai 'yar tafiya a cikin cunkoso, sannan jira. Jiran nan da tsawo, a fili, ga iskar kogi. Yaya, kai da za ka taso daga Kano a Maris zafi ya fara, sanyin zai shige ka. Ka zo da tsohuwar rigar sanyi wadda ba za ka ji zafin rabuwa da ita ba, ka cire ta in an kusa tashi. Ka shiga layin bayi da wuri.

Amma da aka sake mu muka hau gadar, wallahi na manta da sanyin. Jar gada ce ta ƙarfe, tsawonta ya haura kilomita 2, an buɗe ta a 1966. Da sunan Salazar, mai mulkin kama-karya na ƙasar a lokacin, aka fara kiranta, bayan juyin juya halin 25 ga Afrilu 1974 aka sa mata sunan ranar. Sauran ranaku ba a barin mai tafiya a ƙafa ya hau. A bayanka ga katafaren mutum-mutumin Yesu da suke kira Cristo Rei a kan tudu, a gabanka ga gari gaba ɗaya, farin gini da jan rufi. Layukan tsakiyar gadar ba kwalta ba ne, ragar ƙarfe ce, in ka sunkuyar da kai ruwa kake gani can ƙasa. Wata mata a gefena ta kama hannuna ba mu san juna ba, muka koma gefen da ke da kwalta tare. In kana da jiri kar ka bi tsakiya.

Mutane da yawa suna tsayawa cak su ɗauki hoto, don haka kada ka sa ran gudu mai kyau a kilomita 2 na farko. Ka bar shi ya tafi a haka. Daga gadar sai gangara zuwa Alcântara, a nan ne ƙafa ke ruɗin mutum ya saki gudu fiye da ƙarfinsa.

Ga 'yan'uwa mata masu tambayata a gefe: da hijabin wasanni na yi, da riga mai dogon hannu da dogon wando, na ɗora siket marar nauyi. Ba wanda ya dube ni sau biyu. Ku dai gwada kayan a dogon gudu tun a gida, don ɗinkin da ba ya damunki a kilomita 5 zai iya goge miki fata a kilomita 18.

Ɗan Damagaram:

Ranka ya daɗe Dattijo, na yarda da kai a kan hawan tudu, amma ban yarda mutum ya kulle kansa a ɗaki ba. Ana iya ganin Lisbon a zaune. Ni ranar Asabar taram mai lamba 28 na hau daga Martim Moniz, ɗan tsohon jirgin nan ruwan ɗorawa mai bin tsakiyar titi. Yana kutsawa lungunan Alfama har ka ji kamar ka miƙa hannu ka taɓa bangon gidajen mutane. Ka je da sassafe ka samu kujera, in rana ta ɗaga layin ba ya biyuwa, kuma ka riƙe wayarka da fasfonka da kyau, akwai masu saurin hannu. Da yamma na hau jirgin ruwa daga Cais do Sodré zuwa Cacilhas na dawo, 'yan mintoci ne, na ga gadar daga ƙasa. Ƙafata ba ta san an yi ba.

Juma'a kuwa ka yi ta a babban masallacin Lisbon, kusa da Praça de Espanha, jirgin ƙarƙashin ƙasa na shuɗin layi yana kai ka. An buɗe shi a 1985. Na tarar da 'yan Gine Bisau da 'yan Mozambik da 'yan Bangladash, sahu ya cika har waje. Abinci kuma, ka kula, naman alade ya yi yawa a girkinsu, har miyar ganyen da za ka ɗauka ba komai a ciki sukan yanka mata tsiran alade. Kifi ne mafita, gasasshe da dankali, ka tambaya ko an sa giya a romon. In kana son ka ci hankali kwance, ka shiga titin Benformoso a bayan Martim Moniz, gidajen abincin halal ne a jere. A nan na ci shinkafa da kaza daren gudu, na ce su rage yaji.

Baban Hanifa, Kano:

Allah ya saka da alheri. To bayan gadar fa? Ina ne ya fi wahala? Kuma me kuka riƙe na ci a hanya?

Dattijon Landan:

In ka sauko za a juya ka gabas wajen tsakiyar gari, sannan a dawo da kai yamma, kogi yana hagunka. Wurin da ke karya zuciya shi ne unguwar Belém. Za ka wuce ta kusa da inda ake ƙarewa, kana jin kiɗa da lasifika, kana ganin waɗanda suka juyo, alhali kai da sauran tafiya gaba kafin ka juyo. Titin miƙaƙƙe ne, inuwa kaɗan, kuma ba da asuba ake tashi ba, da hantsi ne, don haka rana tana samunka a nan. Ka sha ruwa a kowace tasha ko ba ka jin ƙishi. Ni dabino na sa a aljihu, na cire ƙwallayen tun a otal. Kar ka ci wani abin da cikinka bai sani ba, kar kuma ka sa sabon kambas.

Ɗan Zangon Kumasi:

Ni abin da ya tsaya mini a rai ba gudun ba ne, inda aka ƙare shi ne.

Layin ƙarshe yana gaban Jerónimos, tsohon gidan ibadar Kiristoci da aka fara ginawa a 1501, farin dutse da sassaƙa tun daga ƙasa har sama. A ciki kabarin Vasco da Gama yake, wanda ya tashi daga wannan gaɓar a 1497 ya kai Indiya a 1498. Da na karɓi lambar yabona na huta, sai na tsallaka bakin ruwa wajen dogon ginin tunawa da matuƙan jiragensu, wanda aka ƙaddamar a 1960. A ƙasa a gabansa an zana taswirar duniya da dutse, an rubuta shekarun da jiragensu suka isa wurare daban-daban. Na bi gaɓar Afirka ta Yamma da ido har na zo daidai ƙasarmu. Ni na taɓa shiga gidan Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, na shiga ɗakunan ƙasa da aka riƙa tsare bayi, na ga 'yar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi. Ga ni kuma a tsaye a bakin ruwan da jiragen suke tasowa. Jama'a na ta hoto da lambobin yabonsu, ni na samu wuri na zauna na daɗe. A wurinsu wannan tarihin jarumta ne, kuma sun iya nuna shi. Abin da ya biyo bayan jiragen a gaɓarmu ba za ka gan shi a jikin ginin ba. Malam, in ka je ka kalli kyan wurin, ya cancanci kallo, amma ka tafi da naka sanin.

Kafin ka bar Belém ka ɗanɗani 'yar wainar ƙwai da madarar da suke alfahari da ita. Shagon da ya yi suna a kanta tun 1837 yake sayarwa. Da zafinta ake ci, a barbaɗa kirfa.

Malamar Zariya:

Wani abu da ba a ambata ba: ku duba kalandar Musulunci kafin ku biya kuɗi. A 2024 da 2025 gudun ya faɗo cikin Ramadan. Ni na ɗaga nawa saboda haka, don ban ga yadda zan yi kilomita 21 da hantsi ba ruwa ba, kuma ban so in sha azumi saboda wasa. Wani abokin aikina ya je, ya ce shi matafiyi ne, ya rama daga baya. Kowa ya tambayi malaminsa tun kafin ya yanki tikiti. Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, lissafin ba wuya.

Maganar biza kuma kar a yi mata sanyin jiki. Ta Shengen ce, wato bizar haɗin gwiwar ƙasashen Turai, kuɗinta ya koma Yuro 90 tun 2024, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Na haɗa da takardar shaidar rajistar gudun da ta otal da ta wurin aiki. Samun ranar ganawa ne ya fi cin lokaci, don haka da zarar gurbinka ya tabbata ka fara nema.

Maman Sadik, Jamus:

Yaya Baban Hanifa, in za ka bi shawarar Baba ka mayar da yawon bayan gudu, ga abin lura: Jerónimos da hasumiyar Belém ba sa buɗewa ranar Litinin. Ranar Lahadi kuma ga taro ga gajiya, ba za ka iya layi ba. Sai dai Talata, in tikitinka zai ɗagu.

Litinin ɗin ni a Baixa na yi ta, unguwar da ke kwance tsakanin tuddai, wadda aka sake ginawa bayan girgizar ƙasar 1755. Titunanta a miƙe suke ba hawa, daidai da ƙafar da ta sha gudu. Na zauna a babban filin Praça do Comércio a bakin ruwa, daga baya na lallaɓa zuwa cocin Carmo, wanda girgizar ta rushe rufinsa aka bar shi a haka har yau, ginshiƙai a tsaye sama a buɗe. Ganuwar São Jorge na bar ta sai da cinyata ta saki, kuma mota na hau zuwa sama. Musulmi sun riƙe garin fiye da shekara 400 kafin a ƙwace shi a 1147, daga kan ganuwar za ka gane dalilin da ya sa kowa ya so wurin, duk jirgin da ya shigo kogin a idonka yake. In da sauran rana, garin Sintra tafiyar minti 40 ce a jirgin ƙasa daga tashar Rossio, amma ita ma hawa ce, ka sa ta a ƙarshe.