Kwana biyu a Kurɗuba: ina da ina zan leƙa?

Ɗalibi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Zan sauka Kurɗuba (Córdoba ta ƙasar Sifen) daga Madrid, kwana biyu kacal gare ni. Babban masallacin garin dai na san dole ne. Bayan shi fa?

Malam: Wa alaikumus salam. Kar ka ce "bayan shi" tukuna, domin shi kaɗai zai ci maka rabin yini. Abdurrahman Dakhil, sarkin Umayyawa na farko a Andalus, shi ne ya fara gina shi wajen shekarar 785, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa shi har zuwa zamanin babban waziri Mansur. Ginshiƙai sama da 800, bakansu ja da fari, ɗaya bisa ɗaya. Ka nemi mihirabin Halifa Hakam na biyu, ka daɗe a gabansa, an yi masa adon ƙananan duwatsu masu ruwan zinare. Ka lura kuma da inda yake fuskanta: ya karkata kudu sosai fiye da ainihin inda Makka take.

Hajiya: Malam, ka manta ka gargaɗe shi. Ɗana, coci ne yanzu. Tun 1236 da Sarki Fernando na uku ya ci garin aka mai da shi haka, a ƙarni na 16 kuma suka gina babban cocin a tsakiyarsa cak. Ba a barin Musulmi su yi salla a ciki, masu gadi na sa ido. Ni da na shiga sai da hawaye suka zubo mini. Ka yi sallarka kafin ka je.

Ɗalibi: Allah sarki. Na gode Hajiya.

Matafiyi: Ni shawarata Madinatuz Zahra ce. Kilomita kusan takwas yamma da gari, birnin da Abdurrahman na uku ya gina wa halifancinsa a ƙarni na 10. Bai cika shekara tamanin ba fitina ta tashi aka rusa shi. Kufai ne, amma kufai mai kwarjini. Ka fara da gidan kayan tarihi da ke ƙasa, daga nan mota ke hawa da mutane. Ba inuwa, ka tafi da sassafe.

Malam: Ka kuma bi ta unguwar Yahudawa. Kusa da ganuwa akwai mutum-mutumin Ibn Rushd, mai Bidayatul Mujtahid, wanda aka haifa a garin a 1126. Imam Ƙurɗubi mai tafsiri ma ɗan nan ne, amma kar ka wahala neman kabarinsa, a Masar ya rasu.

Hajiya: Da yamma ka taka tsohuwar gadar Rumawa a kan kogin da Larabawa suka kira Wadil Kabir. Daga can tsallake masallacin ya fi kyaun hoto. Wane wata za ka je?

Ɗalibi: Yuli.

Matafiyi: Kash! Zafi na wuce 40, da azahar gari ya yi tsit. Da farkon Mayu ne da ka tarar da bikin da masu gidaje ke buɗe tsakar gidajensu cike da furanni.

Hajiya: In ka ga miyar tumatir mai sanyi da suke kira salmorejo, ka ce kar su barbaɗa maka jamon. Naman alade ne.